Maguɗiya da 'Yar'uwarta ta Kan Dutse

Duk wanda ya taɓa gina ko da ɗaki ɗaya a Kano ya san Ƙofar Ruwa. Nan ake sayen rodi da kwanon rufi da bututu da ƙusa, nan ake jin ƙarar ƙarfe tun safe har faɗuwar rana. Ba wurin da mutum zai je neman fure ba ne. Duk da haka daga nan nake so mu tashi, mu yi tafiya mai nisa, sa'an nan mu komo, gama labarin da zan bayar na fure ne, kuma yana da abin da ya haɗa shi da kasuwar kayan gini.

Cikin watan Oktoba na shekara ta 2024 wata mujallar masanan tsire-tsire mai suna PhytoKeys ta buga bayanin wani sabon fure da aka gano a tsibirin Kauai, ɗaya daga cikin tsibiran Hawai na ƙasar Amurka, can tsakiyar tekun Pasifik. Aka raɗa masa suna Schiedea waiahuluensis. Sunan yana da nauyi a baki, amma ma'anarsa ba wuya. Kalmar farko sunan gidansu ce. Ta biyun kuwa tana nufin "na Waiahulu", wato kwarin da aka same shi, kamar dai yadda mu kan ce Bakano ko Bazazzagi.

Abin da ya sa labarin ya bazu shi ne yadda aka yi aka gano shi. Kwarin Waiahulu reshe ne na wani babban kwazazzabo da ake kira Waimea, wanda zurfinsa ya haura mita 900 a waɗansu wurare. Gefen duwatsun wurin a miƙe yake kamar bango, ba inda mutum zai sa ƙafa. Ma'aikatan wata cibiyar kula da tsire-tsire, National Tropical Botanical Garden, su ne suka riƙa aika ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauke da kyamara yana bin jikin duwatsun yana ɗaukar hoto. A watan Disamba na 2021, Ben Nyberg da abokan aikinsa suka ga wani tsiro a hoton, wanda ya yi kama da waɗanda suka sani amma bai yi daidai da ko ɗaya ba. Hoto kuwa ba ya isa a raɗa wa tsiro suna, sai an riƙe shi a hannu. Don haka a watan Maris na 2022 suka komo da wata na'ura mai almakashi da ake kira Mamba, wadda suka ƙera tare da wani kamfanin ƙasar Kanada. Aka rataya ta a ƙarƙashin jirgin, mutum yana can nesa yana sarrafa ta, ta yanko reshe ta kawo, har da 'ya'yansa.

Aka shuka irin a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, inda Stephen Weller da Ann Sakai suka yi shekaru da yawa suna nazarin wannan gida na tsire-tsire. Tare da Warren Wagner na cibiyar Smithsonian suka reni shukar har ta yi fure, suka auna, suka gwada da sauran 'yan gidan. Ɗan ƙaramin itace ne. 'Yan ganyayen da ke rungume da furen manya ne kuma sun yi fari-fari, ruwan zaƙin da ke cikin furen kuma yana da launi. Da wannan, 'yan gidan Schiedea suka zama 36, kuma dukansu babu inda suke fitowa a duniya sai Hawai. Daga ranar da aka gan shi a hoto zuwa ranar suna, an kusa cika shekara 3. Da aka ƙidaya abin da ke jikin duwatsun, ɗari uku ne da 'yan kai. Iyakarsu ke nan a duniya, gwargwadon abin da aka gani.

Me ya sa furen ya maƙale a inda ba a iya zuwa? Wani ɓangare na amsar ba zai ba Bahaushe mamaki ba: awaki. Da can babu akuya a Hawai. Turawan jiragen ruwa ne suka kai su, tun daga Kyaftin Cook a 1778, suka yaɗu suka zama na jeji. Tsire-tsiren tsibirin ba su taɓa sanin dabba mai kiwo ba, don haka yawancinsu ba su da ƙaya, ba su da ɗacin da zai kare su. Da yawa daga cikinsu sai a inda akuya ba ta iya hawa suka tsira. Duk matar da ta taɓa dasa zogale a tsakar gida ba ta kewaye shi ba ta san sauran labarin.

Dangin kaneshan da sunan kanumfari

Masana sun kasa tsire-tsire dangi-dangi, kowane dangi kuma gida-gida, kowane gida da 'ya'yansa. Sabon furen nan ɗan dangin da ake kira Caryophyllaceae ne, dangi mai iri fiye da 2,000. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne furen kaneshan. Mai karatu ya san shi ko da bai san sunansa ba. Shi ne furen nan mai ganye cunkus, bakinsa tsaga-tsaga kamar an bi shi da almakashi, wanda ake sa wa cikin damin furen amarya, ko a maƙala a ƙirjin kwat ɗin ango. Shi ne kuma aka zana a jikin gwangwanin madarar Carnation. Sa'ad da Anna Jarvis ta shirya bikin ranar iyaye mata a wata majami'ar Metodis a garin Grafton na Amurka cikin 1908, fararen kaneshan 500 ta aika aka raba. Yau ƙasar Kolombiya ce kan gaba wajen noma shi don sayarwa a ƙasashen waje.

Akwai wani abin sha'awa game da sunan dangin. Asalinsa tsohon sunan kanumfari ne a bakin Girkawa da Rumawa. Furen kaneshan na asali yana ƙanshin kanumfari, domin sinadari ɗaya ne a jikinsu, shi ne kuma yake kwantar da ciwon haƙori in an tauna kanumfari. Larabawa har yau da kalma ɗaya suke kiran su biyun, ƙaranful, kuma daga ita muka samo tamu. Amma fa kada a ruɗe. Kanumfarin da ake awo a Kasuwar Kurmi don yaji da zoɓo da kunun zaƙi busasshen tohon wani itace ne wanda asalinsa tsibiran Maluku na Indonesiya, kuma ɗan'uwan gwaiba ne. Suna kawai ya haɗa shi da kaneshan, babu jini.

Yawancin 'yan wannan dangi ƙasar sanyi suke so: kewayen Bahar Rum, Turkiyya, Iran, da kan manyan duwatsu. Ana gane su da 'yan alamu. Ganyensu biyu-biyu ne suna fuskantar juna, gaɓar karansu a kumbure take kaɗan kamar gwiwa, furen kuma galibi kashi biyar ne. Da jin haka mutum zai ce ba ruwanmu da su a ƙasar zafi irin tamu. Ashe suna da 'yar'uwa a bayan gidanmu.

Fular tsoho

In damina ta ja baya, wajen watan Satumba da Oktoba, a duba saura ko gefen hanyar ƙauye inda ƙasa take da yashi ko tsakuwa. Za a ga wata 'yar ciyawa wadda da ƙyar take kai gwiwa, mai siraran ganye kamar allura, da wani farin tuntu a kanta wanda in an taɓa sai a ji shi a bushe kamar takarda tun tana ɗanya. Ita ce maguɗiya. Waɗansu su kan ce mata fular tsoho saboda farin kan nan, waɗansu mai nasara, wata mai kama da ita ƙwarai kuma ana ce mata bakin suda. A wurin masana 'yan gida ɗaya ne, gidan Polycarpaea, cikin dangin kaneshan. Farin da ake gani a kanta ba ainihin ganyen fure ba ne, 'yan ganyayen da ke rungume da furen ne, kamar dai na 'yar'uwarta ta Hawai. Ga kuma wani dace: maguɗiya sunan matar da ke rangaɗa guɗa a gidan biki ne, kaneshan kuma furen amarya. Dangi ɗaya sun halarci biki ta ƙofa biyu.

Waɗannan sunaye sun shiga littafi ne ta hannun wani likita ɗan Sikotilan, John McEwan Dalziel. Ya fara aiki a matsayin likitan mishan a ƙasar Sin, sa'an nan a 1905 ya zo aikin likita na gwamnati a Nijeriya ta Arewa. Duk inda aka tura shi, Katagum ne ko Sakkwato ko Kwantagora ko Yola, in ya tashi daga duba marasa lafiya sai ya shiga jeji yana tsinko ganye yana tambayar sunansa da amfaninsa. A 1916 ya buga ɗan ƙamus na sunayen tsire-tsire da Hausa, kowane suna da takwaransa na masana. A ciki ya nuna cewa ana sa maguɗiya cikin haɗe-haɗen neman farin jini, amma wannan ba shi ne zancenmu yau ba. Daga baya shi da John Hutchinson na lambun Kew da ke London suka rubuta babban littafin tsire-tsiren Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, a 1937 kuma ya fitar da na amfanin tsire-tsiren. Itacen hano, wanda waɗansu ke ce wa ararraɓi, sunansa yake ɗauke da shi har yau: Boswellia dalzielii.

Ya cancanci yabo, ba shakka. Amma ni a ganina rabin yabon na waɗansu ne. Ilimin da ke cikin ƙamus ɗin nan na maharba ne da makiyaya da wanzamai da ungozomai, waɗanda suka tsaya suka ce masa wannan kaza ne, ana yin kaza da shi. Shi ya rubuta, su suka sani, galibinsu kuwa ba wanda ya san sunansu yanzu. Wannan ya sa in an ce "an gano sabon tsiro" ya kamata mu yi tambaya: sabo a wurin wa? Na Hawai mai yiwuwa ne babu ɗan adam da ya taɓa riƙe shi kafin 2022. Amma sau da yawa abin da masani ya kira sabo, tsohuwar ƙauye ta daɗe tana jiƙa wa jikokinta shi. Sabo ne ga rajista kawai.

Kada kuma a ɗauka an gama da gidan su maguɗiya. A jihar Kerala ta kudancin Indiya, masana sun sake duban 'yan wannan gida da kyau, sai ga shi cikin waɗanda aka saba wucewa ana cewa ai ciyawar nan ce da aka sani, akwai waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Ɗaya daga cikinsu, Polycarpaea palakkadensis, a 2021 aka raɗa mata suna. A 2024 kuma, a tuddan Nelliyampathy na wannan jiha, aka bayyana wata 'yar dangin, Stellaria mcclintockiae, wadda aka sa wa sunan Barbara McClintock, matar da ta sami lambar Nobel a 1983 saboda bincikenta kan masara. Waɗannan ba jirgi aka aika ba. Durƙusawa aka yi aka duba.

Yadda ake raɗa suna

Raɗa wa tsiro suna yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ɗaya ce a duniya duka. Tsarin suna mai kalma biyu ya kafu ne daga littafin da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya buga a 1753. Wanda yake zaton ya sami sabon iri, da farko sai ya matse shi ya busar, da ganye da fure da 'ya'ya, da saiwa in ƙarami ne, ya manna a takarda mai kauri, ya rubuta inda ya same shi da ranar. Sa'an nan aiki mai wuya ya fara, wato gwada shi da dukan 'yan gidan da aka riga aka sani. Ana ƙirga sassan furen, ana auna su da milimita, ana duban bayan ƙwayar irin da madubin ƙara girma, a zamanin nan kuma ana gwada ƙwayoyin gado. Yawancin lokaci a nan murna take komawa ciki, a tarar wani ya riga ya rubuta shi shekara 100 da suka wuce.

In ya tabbata sabo ne, sai a zaɓi takarda ɗaya daga cikin busassun a ce ita ce shaidar sunan. Ana ajiye ta a ɗakin ajiyar busassun tsire-tsire, kuma duk wanda ya yi gardama ko bayan shekara 200, ita za a ɗauko. Sai a rubuta abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa, a buga inda kowa zai iya gani. Da, dole da Latin za a rubuta wannan bayani. A taron masana na birnin Melbourne a 2011 aka sassauta, tun daga 1 ga Janairu 2012 ana karɓar Turanci, ana kuma karɓar abin da aka buga a intanet. Sunan kansa dai har yanzu da sigar Latin yake.

Muna da irin waɗannan ɗakuna a ƙasar nan. Mafi girma shi ne na Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, mai ɗauke da takardu fiye da 100,000. Akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai kuma na Jami'ar Bayero a nan Kano.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ciyawa? To, ga dalili. Abin da ba shi da suna ba ya shiga lissafi. Ba za a sa shi cikin jerin abubuwan da ke bakin ƙarewa ba, ba dokar da za ta ambace shi, kuma in za a ba wani izinin fasa dutse, ba wanda zai ce a dakata akwai kaza a wurin. Haka nan wajen magani: in ganye biyu sun yi kama, ɗaya yana warkarwa ɗaya yana cutarwa, mai bincike a ɗakin gwaji ba shi da hanyar sanin wanda aka kawo masa sai ta wannan rajista. Kowace shekara ana raɗa wa sababbin tsire-tsire kimanin 2,000 ko fiye suna a duniya. Amma rahoton da lambun Kew ya fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa cikin kowane 4 da ba a kai ga rubutawa ba, 3 suna cikin haɗarin ƙarewa. Wato ana tsere ne tsakanin mai alƙalami da mai gatari.

Duwatsunmu

Me ya sa aka fi samun sababbi a kan duwatsu? Domin kan dutse kamar tsibiri ne. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Tsiron da ya saba da sanyin can sama ba ya iya sauka ya ratsa zafin ƙasa ya je dutse na gaba. Sai ya zauna shi kaɗai dubban shekaru, yana sāke kama a hankali, har ya zama dabam da danginsa na ko'ina. Haka harsuna ma suke yi, shi ya sa Filato da Adamawa da Taraba suke da harsuna barkatai, kusan kowane tudu da nasa.

An daɗe da ganin haka a maƙwabta. A ƙarshen 1861 zuwa farkon 1862 wani Bajamushe mai tara wa Kew tsire-tsire, Gustav Mann, ya hau Dutsen Kamaru, mai tsawon fiye da mita 4,000, tare da Richard Burton da Alfred Saker, ɗan mishan na Baptis wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Duala. Cikin abin da Mann ya tara a duwatsun yankin akwai 'yan dangin kaneshan, waɗanda Joseph Hooker ya raɗa wa suna a 1864: Silene biafrae da Stellaria mannii. Sunan na farkon daga gaɓar tekun wurin aka ɗauko shi, shekara 100 kafin yaƙin basasarmu, kada wani ya yi masa wata fassara. Hooker ya lura da wani abin mamaki, cewa tsire-tsiren kan wannan dutse sun fi kama da na tuddan Habasha, har da na Turai, fiye da na kurmin da ke gindinsa.

Jerin duwatsun nan bai tsaya a Kamaru ba, ya shigo Nijeriya. Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419, shi ne mafi tsawo a ƙasar nan. Ga tudun Mambila, ga duwatsun Shebshi da Alantika da Mandara. Ga duwatsun Shere kusa da Jos, mita 1,829, ga na Kagoro. Jihar Kano ma tana da nata a Riruwai, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, kuma tuddan wurin sun haura mita 1,000. An yi aiki a waɗansu. F. N. Hepper na Kew ya bincika Dutsen Vogel a ƙarshen shekarun 1950. J. D. Chapman ya tara tsire-tsire masu yawa a kurmin Mambila da Gashaka cikin shekarun 1970, 'yarsa Hazel Chapman kuma ta kafa aikin bincike a kurmin Ngel Nyaki a farkon shekarun 2000. Amma in aka gwada da faɗin ƙasar, wannan cikin cokali ne. Galibin masu tarawa sun fi kula da itatuwa, kuma sun fi zuwa da rani sa'ad da hanya take biyuwa, alhali ƙananan furanni da damina suke fitowa, su yi 'yan makonni su bushe. Rashin tsaro kuma ya hana masana shiga wurare da dama cikin shekarun baya-bayan nan.

Yanzu mu komo inda muka tashi. Ƙofar Ruwa tsohuwar ƙofa ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta cikin ƙofofi 8 na ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Ba nisa da ita ga Dala, mita 534 daga doron teku, dutsen da garin ya tsiro a gindinsa, inda aka riƙa narka tama tun ƙarni na 7. Wane irin fure ne yake fitowa a jikin Dala da Goron Dutse sa'ad da kewayensu jeji ne? Wace ciyawa ce take bakin kududdufan da aka haƙa don gina ganuwa? Mutanen da suka san amsa sun tafi da ita. Yau gidaje sun kewaye Dala har suna hawa jikinsa, zaizaya tana cin gefensa, ganuwa ta zube a wurare da yawa, ana ta cike kududdufai ana gini a kai. Ba na cewa akwai wani fure na musamman da ya ɓace a Dala. Abin da nake cewa shi ne, da akwai shi, da ya tafi ba wanda ya yi masa rajista.

Abin da ya sami Dala cikin shekara 1,000, injin fasa dutse yana iya yi wa wani tudu cikin shekara 10. Kowane rodi da aka saya a Ƙofar Ruwa, tsakuwa yake jira a wurin gini, tsakuwar nan kuwa jikin wani dutse ce. Ba laifin 'yan kasuwa ba ne, ba kuma laifin mai gini ba ne. Dole mutane su sami wurin kwana, majami'u da makarantu ma da tsakuwar nan ake gina su. Laifin da nake gani shi ne a fasa kafin a duba. Ga kuma gobarar daji kowace kaka, da kiwo, da noma da yake ta hawa gangare saboda ƙasa ta yi kaɗan.

A nan ne masu karanta wannan shafi suka fi kowa dama. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Sabon Gari ko Kaduna ko Zariya, asalinmu 'yan kan tudu ne, daga Pankshin ko Kagoro ko Michika ko Gembu, kuma muna zuwa gida. Abin da Amurkawa suka aika jirgi ya ɗauko, mu iyayenmu suna wucewa ta gefen irinsa kullum a hanyar gona. Akwai kuma abin da ya fi furen saurin ɓacewa, wato sunansa. Tsohuwar da ta san ganye 200 da harshen Ngas ko Tyap ko Kamwe, jikanta da ya tashi a birni da ƙyar zai kawo 10, ko da Hausa.

Kayan aikin ba tsada. Falankin katako biyu, kowane kamar tsawon kamu ɗaya, wanda kowane kafinta zai yanka maka daga ragowar aiki, da igiya, da tarin tsofaffin jaridu. In ka ga tsiron da ba ka saba gani ba, fara ɗaukar hotonsa da waya a inda yake, na kusa da na nesa. In yana da yawa a wurin, ɗauki ɗaya mai fure, in da hali mai 'ya'ya ma. In 'yan kaɗan ne, hoton ya isa, kada garin neman gira a rasa ido. Shimfiɗa shi cikin jarida, a jera waɗansu jaridu sama da ƙasa, a sa tsakanin katakon a ɗaure tam, ko a ɗora dutse. A riƙa sāke jaridun kowace rana har ya bushe, in ba haka ba zai yi fumfuna, musamman da damina. Abin da ya fi muhimmanci shi ne 'yar takardar da za ta bi shi: ranar, sunan ƙauye da na dutsen, ko a kan fā ya fito ko a bakin rafi, launin furen tun yana ɗanye domin yana sākewa in ya bushe, sunansa da harshen wurin, abin da ake yi da shi, da sunan wanda ya faɗa maka in ya yarda. Busasshen ganye marar wannan takarda ba shi da amfani ga masani. A gandun gwamnati kamar Gashaka-Gumti ko Falgore kuwa ba a tsinkar kome sai da izini.

Malamin makarantar sakandare da ɗalibansa, ko ƙungiyar matasa da ta je gida taron shekara, suna iya cika kwali guda cikin damina ɗaya, su kai sashen nazarin tsire-tsire na jami'ar da ta fi kusa, Jos ko Zariya ko Kano ko Yola. Kusan duk abin da za su kai, za a tarar an san shi, kada wannan ya karya musu gwiwa. Ko sananne ne, in ba a taɓa rubuta cewa yana fitowa a wannan dutse ba, an ƙaru, sunansa na gida kuma ya shiga takarda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, kafin a fara cinna wa jeji wuta. Mai son gwada hannu kafin ya hau dutse, ya fara da maguɗiya. Ba ta da ruwa a jiki, cikin 'yan kwanaki take bushewa, farin kanta kuma ba ya sākewa.